Fararen Kaya Ranar Lahadi: Yadda Siri Lanka Ke Koya wa 'Ya'yanta Addinin Buddha

Duk safiyar Lahadi, tun kafin ƙarfe takwas, hanyoyin ƙauyuka da lungunan biranen Siri Lanka kan cika da yara sanye da fararen kaya. 'Yan mata na ɗaure da wani zane mai tattara a ƙugu da ake kira lama sariya, samari kuma farar riga da farin zane har idon sawu. Kowa da littafinsa a hammata, da yawa kuma da furanni a hannu, waɗanda aka tsinko a tsakar gida tun da sassafe. Pansala suka nufa, wato wurin ibadar unguwa, inda makarantar addini da suke kira daham pasala ke zama sau ɗaya a mako.

Ba da karatu ake farawa ba. Sai an tuɓe takalmi a bakin ƙofa, manyan yara sun ɗauki tsintsiya sun share yashin da ke kewaye da bishiyar bo, wata 'yar'uwar cediya da ake girmamawa saboda a gindin irinta aka ce Buddha ya sami farkawarsa. Sannan a yi layi, a riƙa miƙa farantin furanni daga hannu zuwa hannu har ya isa gaban mutum-mutumin Buddha, don kowa ya taɓa ya samu nasa rabon ladan. A kunna 'yan fitilun kasko na man kwakwa, a kunna turare. Daga nan malamin addini, wanda littattafansu ke kira bikku, jama'a kuma ke ce masa hamuduruwo don girmamawa, ya zauna a kujerar da aka lulluɓe da farin ƙyalle. Yara su zauna a ƙasa, yana faɗa suna amsawa. Su nemi mafaka ga Buddha da koyarwarsa da jama'ar malamansa, sannan su ɗauki alkawura biyar: ba za su kashe mai rai ba, ba za su ɗauki abin da ba a ba su ba, ba za su yi lalata ba, ba za su yi ƙarya ba, ba za su sha abin maye ba.

Duk da harshen Pali ake yin wannan, harshen da ɗarikar Terawada ta adana littattafanta da shi, wanda kuma yau babu wata uwa a duniya da ke rarrashin ɗanta da shi. Yaro ɗan shekara shida, wanda Sinhala yake ji a gida, zai ɗauki alkawarin ƙaurace wa giya da lalata alhali bai san ko ɗayansu ba, cikin kalmomin da bai san ma'anarsu ba. Kuma zai iya su sarai, da karinsu, da inda ake jan murya da inda ake saukewa, shekaru kafin wani ya zaunar da shi ya fassara masa.

To me yaron nan ya koya? A ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna kashi 70 cikin 100 na mutanenta mabiya Buddha ne, wannan tambaya ba ta malamai kaɗai ba ce. Iyaye na yin ta, 'yan siyasa na yin ta, kuma a tsibirin nan ta girmi makarantar Lahadin da shekaru kusan dubu biyu.

A ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa, zamanin Sarki Wattagamani Abhaya, an yi yaƙi da yunwa mai tsanani a ƙasar. A lokacin babu rubutaccen littafin addini, komai a ƙirjin malamai yake, kowane rukuni da ɓangaren da ya haddace. Yunwa ta kashe wasu, wasu suka tsallaka Indiya. Da ƙura ta lafa, waɗanda suka rage suka ga saura kaɗan koyarwar ta bi mahaddatanta zuwa kabari, sai suka taru a Aluwihara, kusa da Matale, suka rubuta ta a ganyen wani irin giginya. Tsoffin littattafan sharhi sun ruwaito cewa a wannan zamanin ne aka yi muhawara tsakanin malamai masu wa'azi da masu gudun duniya da ke sa tsumma, a kan mene ne tushen addini, karatu ko aiki da shi. Masu wa'azi suka yi rinjaye. Hujjarsu ita ce idan karatu na nan, ko an daina aiki wata rana za a samu wanda zai farfaɗo da shi, amma idan karatu ya ɓace, babu inda za a samo aikin. Walpola Rahula, malamin da ya rubuta tarihin addinin a tsibirin a 1956, ya ɗauki wannan hukunci a matsayin wani babban juyi, domin daga nan ne hidimar littafi ta fara fin zaman tunani daraja a idon malamai da yawa.

Sai dai karatun da suka fifita na malamai ne. Ɗan manomi, idan ya je pansala, baƙaƙe yake koyo da 'yan waƙoƙin tarbiyya, addininsa kuma a gida yake tsintarsa: ya ga uwarsa na zuba wa bikku shinkafa a ƙwarya, ya bi kakarsa wurin ibada daren cikar wata, ya ji labarai har barci ya kwashe shi. Babu wanda ya yi tunanin a tsayar da shi a tambaye shi gaskiyoyi huɗu da Buddha ya koyar, a ba shi maki.

Turawa ne suka kawo dalilin yin hakan. Fotugal ta iso a 1505, Holan ta karɓe gaɓar teku a 1658, Ingila ta karɓa a 1796, sannan ta ci masarautar Kandi a 1815. A ƙarni na 19 hanyar samun aikin gwamnati ta koma makarantar mishan, inda yaro ke koyon Turanci tare da Baibul, yana kuma jin ana cewa addinin iyayensa bautar gumaka ne. Yaron mishan kuwa in ka tambaye shi abin da ya yi imani da shi, zai jero maka amsa ɗaya bayan ɗaya. Yaron pansala sai dai ya yi shiru, ko da ya fi shi ladabi.

A watan Agustan 1873 aka yi shahararriyar muhawarar Panadura, inda wani bikku mai kaifin harshe, Migettuwatte Gunananda, ya kara da Fasto David de Silva a gaban dubban mutane. Labarin ya kai Amurka a rubuce, ya faɗa hannun Henry Steel Olcott, tsohon kanar na yaƙin basasar ƙasar, lauya kuma ɗan jarida, wanda ya kafa ƙungiyar Tiyosofi tare da Helena Blavatsky a 1875. A watan Mayun 1880 su biyun suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Galle, suka durƙusa a wurin ibada na Wijayananda suka ɗauki alkawuran nan biyar a bainar jama'a. Ga mutanen da suka shekara ɗaruruwa suna ganin Bature na raina addininsu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Olcott bai daɗe ba ya yanke hukuncin cewa mutanen da suka tarbe shi da ganguna ba su san addininsu ba. Abin da yake nufi da sani shi ne iya faɗa. Saboda haka a 1881 ya wallafa ɗan littafin tambaya da amsa a kan addinin Buddha, da Turanci da Sinhala, a daidai tsarin da coci ke koya wa yara aƙida. Babban malamin zamanin, Hikkaduwe Sri Sumangala, ya duba ya sa hannu, littafin kuma ya karɓu har an sake buga shi fiye da sau 40. Addinin da ke cikinsa na hankali ne da ɗabi'a, wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da kimiyya, ba ruwansa da yawancin bukukuwa da neman tsari da talakawa suka saba. Daga baya ma sai da aka samu saɓani tsakanin Olcott da Sumangala, har batun haƙorin Buddha da ake ajiye da shi a Kandi ya shigo ciki, domin Ba'amurken bai ɗauke shi yadda 'yan ƙasa suka ɗauke shi ba. Duk da haka, har yau mutum-mutumin Olcott na tsaye a gaban babbar tashar jirgin ƙasa ta Kolombo, titin wurin ma sunansa yake ɗauke da shi.

Makarantu suka biyo baya: Ananda a Kolombo a 1886, Dharmaraja a Kandi a 1887, Mahinda a Galle a 1892. Su kuma yaran da ba su samu shiga waɗannan ba, aka ware musu ranar Lahadi, ranar da gwamnatin Turawa ta riga ta mayar hutu. Ko da yake tun kafin nan an riƙa tara yara a Kolombo, ranar da hukuma ke ɗauka a matsayin mafarin daham pasala ita ce 3 ga Agustan 1895, a wurin ibadar nan na Wijayananda, kuma duk shekara ana bikin tunawa da ita. A 1898 aka kafa ƙungiyar samarin addinin Buddha ta YMBA, wadda ko sunanta daga YMCA ta Kirista aka kwaikwayo shi, ita ce kuma daga baya ta shigo da jarrabawa da takardar shaida. Wanda ya san yadda Islamiyya ta samo asali a ƙasar Hausa, da benci da allon bango da aji-aji, don kada boko ta kwashe yara gaba ɗaya, ba sai an yi masa dogon bayanin wannan dabara ba. Masanin halayyar al'umma ɗan ƙasar, Gananath Obeyesekere, ya laƙaba wa wannan sabon salo suna addinin Buddha irin na Furotesta, saboda ya tashi ne don yaƙar mishan, da makaman mishan.

A shekarar 1898 ɗin dai Anagarika Dharmapala, wanda ya fara a matsayin tafintan Olcott kafin su raba gari, ya wallafa wa talakawa ƙa'idoji 200 na zaman yau da kullum: yadda ake cin abinci, yadda ake tauna ganyen bulat, yadda ake sa tufafi, yadda ake shiga bayan gida, yadda yaro zai yi a gaban iyaye. Abin lura a nan shi ne mutanen da suka zo da kukan cewa jama'a na aiki babu fahimta, su ma da suka tashi gyara, jiki suka koma wa.

Ina ganin ba kuskure suka yi ba. Tsoffin littattafan addinin kansu sun nuna cewa haka Buddha ya koyar da yaro. Ɗansa ɗaya ne, Rahula, wanda aka aske wa kai aka sa wa rigar malamai yana ɗan shekara bakwai. An ruwaito cewa wata rana da yamma uban ya je inda yaron yake, yaron ya kawo ruwa, uban ya wanke ƙafa. Sai ya rage ɗan kaɗan a cikin moɗa, ya nuna masa, ya ce addinin mutumin da ba ya jin kunyar yin ƙarya da gangan bai fi wannan ɗan ruwan ba. Ya watsar da ruwan, ya ce haka addininsa yake a watse. Ya kife moɗar, ya ce haka yake a kife. Ya ɗago ta ya nuna masa cikinta wayam. Bayan nan ya tambaye shi amfanin madubi, ya ce masa haka zai riƙa duba aikinsa kafin ya yi, da lokacin da yake yi, da bayan ya gama: shin zai cutar da shi, ko wani, ko su duka biyun? In ya ga ya cutar, ya je ya faɗa wa malami ko abokin kirki, ya kiyaye gaba. Babu maganar haƙiƙanin rai ko sarƙar dalilai goma sha biyu a darasin nan. Moɗa ce da ruwa da madubi, da tambayar da yaro ɗan shekara bakwai zai iya yi wa kansa. Darasin ya yi daraja har Sarki Asoka na Indiya, a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa sunansa a cikin nassoshin da ya sassaƙa a dutse yana so malamai da talakawa su riƙa sauraro.

Malamin daham pasala da ya san aikinsa ta wannan hanyar yake bi. Baitin Pali da ake karantawa lokacin ajiye furanni yana cewa ne yadda furen nan zai yi yaushi, haka jikin mai ajiye shi zai lalace. Yaro zai shekara uku yana rera shi ba tare da ya sani ba. Amma ranar da aka fassara masa, ba sabon abu aka kawo masa ba, domin shi ne duk mako ake sa wa kwashe busassun furannin jiya daga kan teburin. Koyarwar rashin dawwamar abubuwa, wadda manyan malamai ke cika littattafai a kanta, ta riga ta bi ta hannunsa zuwa kwandon shara. Haka ma labaran Jataka, guda 547, na rayuwoyin da aka ce Buddha ya yi a baya, wani lokaci yana biri, wani lokaci zomo, wani lokaci sarki. An zana su a bangon wuraren ibada, yara na kallo tun ba su iya karatu ba. Na Sarki Wessantara, wanda kyauta ta kai shi har ga bayar da 'ya'yansa biyu, shi ya fi shahara, shi ne kuma yaran zamani suka fi tsayar da malami a kansa su ce ina adalci a nan. Malami nagari ba ya jin haushin wannan tambaya.

Akwai kuma nassin Sigalowada, wanda kusan kowane ɗalibi ke bi ta kansa. Labarin wani saurayi ne da Buddha ya tarar yana sunkuya wa kusurwoyi shida da asuba, don kawai mahaifinsa ya bar masa wasiyyar yin haka. Bai ce masa ya daina ba. Ya ce masa gabas iyaye ne, kudu malamai, yamma iyali, arewa abokai, ƙasa barori da ma'aikata, sama masu addini, kuma girmama kowace kusurwa shi ne sauke haƙƙin mutanen cikinta. Al'adar ta tsaya yadda take, ma'ana ce aka zuba mata. Shi ya sa a gidaje da yawa yaro ba ya fita zuwa makaranta ko jarrabawa sai ya durƙusa ya taɓa ƙafar iyayensa.

Matsalar da na fi gani a yau ba ta tsakanin aiki da fahimta ba ce. Wani abu na uku ne ya shigo ya zauna a tsakiyarsu, wato jarrabawa. Tun bayan samun 'yancin kai a 1948, musamman bayan bikin cika shekara 2,500 na addinin a 1956, gwamnati ta ƙara shiga harkar. Yau Sashen Harkokin Addinin Buddha ne ke rajistar makarantun, waɗanda yawansu ya kai dubbai, shi ke buga littattafai aji-aji, hukumar jarrabawa ta ƙasa kuma na shirya jarrabawar kammalawa da ta zama malami, wadda ake kira Dharmacharya. A manyan azuzuwa ana koyar da tarihin Buddha, da tarihin addinin, da Pali, da baitocin Dhammapada, littafi mai baiti 423, da kuma Abhidhamma, wato ilimin rarrabe tunani. A nan ne yaro ɗan shekara goma sha huɗu zai haddace cewa nau'o'in tunani 89 ne, abubuwan da ke rakiyarsu 52, nau'o'in jiki 28, ya jero su a takarda ya ci maki. An tsara wannan lissafi ne don mai zaman tunani ya riƙa gane abin da ke motsi a zuciyarsa. Idan aka raba shi da zaman, ya zama jadawali kawai. Olcott ya so ya kori hadda da littafinsa na tambaya da amsa, sai ga shi an haddace amsoshin.

Malaman da ke wannan aiki yawancinsu 'yan sa kai ne, da yawa mata, wasu malaman makarantar boko, wasu tsoffin ɗaliban wurin. Ɗan abin da gwamnati ke ba su bai taka kara ya karya ba. Abokin hamayyarsu kuma yanzu ba mishan ba ne, lesin ne. Siri Lanka ƙasa ce da yaro ɗan shekara goma ke zana jarrabawar neman gurbi a manyan makarantu tun yana aji biyar, guraben jami'a kuma ba sa isar waɗanda suka ci. Saboda haka safiyar Lahadi ta zama abin rububi, kuma da zarar yaro ya doshi jarrabawar sakandare sai a ga ya daina zuwa pansala, ya koma ɗakin da ake biyan kuɗi a koyi lissafi. Bikku sun sha kai kuka, gwamnatoci kuma sun sha yunƙurin hana lesin da safiyar Lahadi da ranakun cikar wata. Ƙasar ma ta taɓa gwada abin da ya fi haka: daga 1966 zuwa 1971 ta soke hutun Lahadi ta koma hutawa bisa kwanakin wata, kafin harkar kasuwanci da ƙasashen waje ta sa aka koma gidan jiya. Hutun ranar cikar wata, da ake kira poya, shi ya rage, kuma a ranar ne yara kan yi kwana ɗaya cikin alkawura takwas, ba sa cin abinci bayan rana ta take, ba kiɗa, ba ado, ba kwanciya a gado mai laushi.

Akwai yaran da ba sau ɗaya a mako suke wannan rayuwa ba. Su ne samanera, ƙananan malamai, waɗanda jama'a ke ce wa podi hamuduruwo. Alkawura goma suke ɗauka, ciki har da rashin taɓa kuɗi, ba kuma za su zama cikakkun bikku ba sai sun kai shekara 20. Dokar addinin ta ce ba a aske wa yaro sai da yardar iyayensa, kuma asalinta koken da mahaifin Buddha ya yi ne bayan an tafi da jikansa Rahula ba da saninsa ba. A Tailan da Myanmar yaro kan sa rigar na 'yan kwanaki ko makonni ya tuɓe ya koma gida, kowa na murna. A Siri Lanka al'adar ita ce in ka sa ka sa ke nan, wanda ya tuɓe kuma akwai kallon da ake yi masa. Da yawa daga cikin yaran 'ya'yan talakawan karkara ne, waɗanda makarantar malamai, piriwena, ke ba su abinci da karatu kyauta. Lokacin da gwamnati ta fito da shirin aske wa yara kusan 2,000 a 2001, Obeyesekere na cikin waɗanda suka fito suka soki abin, yana cewa yaro ƙarami bai kai ya zaɓi rabuwa da gida har abada ba, kuma babu isasshen tsarin kare shi daga cutarwa. Wannan suka tana da nauyi, kuma har yau ba a gama amsa ta ba.

Wani mai bincike Ba'amurke, Jeffrey Samuels, wanda ya zauna da irin waɗannan yara ya kuma wallafa littafi a kansu a 2010, ya lura da abin da ya dace da duk abin da aka faɗa a sama. Da yake tambayar su yadda suka san mene ne zama malami, ba littattafan dokoki suka fi ambata ba. Sharar tsakar gida suka ambata, da yadda ake naɗa riga, da yadda ake tafiya ido a ƙasa, da yadda ake magana da tsohuwar da ta kawo abinci har ranta ya yi fari. Wasunsu sun ce a lokacin da suke yin aikin ne zuciyarsu ke sauyawa. Wato a wurinsu aikin bai jira fahimta ta zo ba, shi ne ya jawo ta.

Sai dai akwai wurin da wannan hanya ke da haɗari, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Abin da jiki ya sha tun yana ƙarami ba ya tambayar hujja, mai kyau ne ko maras kyau. Yaron da ke rera nassin Metta, wanda ke roƙa wa dukkan mai rai lafiya ba tare da ware kowa ba, shi ne kuma ake koya wa tarihin Mahawamsa, littafin da wani bikku ya tsara wajen ƙarni na biyar ko na shida. A cikinsa akwai Sarki Dutugemunu, wanda ya yaƙi Elara, sarkin Tamil na Anuradhapura. Littafin ya yaba wa adalcin Elara, ya ce wanda ya kashe shi ya gina masa kabari ya hana a yi kiɗa in an zo wucewa. Amma a cikinsa ne kuma aka ce wasu waliyyan malamai sun kwantar wa Dutugemunu da hankali a kan dubban da suka mutu, da cewa waɗanda ba su karɓi addinin ba ba sa cikin lissafi. Ƙasar da ta yi yaƙin basasa daga 1983 zuwa 2009, wadda kuma aka ƙona shaguna da gidajen Musulmi a Alutgama a 2014 da Digana a 2018 bayan wa'azin tunzuri na wasu masu rigar malamai, ba za ta ce ba ruwanta da wanne ɓangaren labarin malamin Lahadi ya fi jaddadawa ba. Ba makarantun ne suka kunna wutar ba, akwai kuma bikku da suka fito suka yi tir da abin. Amma matasan da suka ɗauki fetur, da wuya a ce babu wanda ya taɓa sa fararen kaya ya ɗauki alkawarin farko a cikinsu. A nan tambayar madubin Rahula ta fi kowace jarrabawa amfani, kuma ita ce ba a iya ba wa maki. Musulmin ƙasar, waɗanda ƙidayar 2012 ta nuna sun kusa kashi 10 cikin 100, su ma suna da tasu makarantar Lahadin mai suna Ahadiyya, 'yan Hindu suna da Araneri, Kirista suna da tasu. Da safiya ɗaya yaran unguwa ɗaya ke watsuwa gida huɗu, ba kasafai kuma wani ke leƙa ajin wani ba.

Inda abin ya juye gaba ɗaya shi ne ƙasashen waje. Tun 1926 Dharmapala ya buɗe wurin ibada a Landan, yau kuma akwai irinsa a Toronto da Melbourne da Los Angeles da sauran biranen da 'yan Siri Lanka suka yi ƙaura. Yaron da aka haifa a can ba shi da hutun poya, ba ya ganin bikku a hanya, kakarsa na nesa, Sinhala ma sama-sama yake ji. Babu muhallin da zai shayar da shi addinin ba tare da magana ba. In aka ce ya durƙusa sai ya tambayi dalili, domin a makarantar boko haka aka koya masa, abokansa kuma za su tambaye shi ranar Litinin. Dole malamai suka koma rubuta Pali da baƙaƙen boko, da fassara a gefe, suna bayani kafin a yi aiki, suna ƙara zaman tunani na 'yan mintoci wanda a gida ba kowace makaranta ke ba shi lokaci ba. Iyaye kuma, waɗanda suka taso suna rerawa ba tambaya, wasunsu a bakin 'ya'yansu suke fara jin ma'anar abin da suka shekara talatin suna faɗa. Jarrabawar dai ta bi su har can: YMBA na shirya ta da Turanci, ana zana ta a cibiyoyi a Malesiya da Singafo da Ostireliya da Ingila, kuma daga Kolombo ake aiko da tambayoyin.